Yadda Wutar Sola Take Aiki a Gida: Darasi Daga Batirin da Ya Mutu a Zinyau

Ni ɗan sashen lantarki ne, kuma ɗan Zinyau ta ƙasar Rano. Abin da zan kawo muku a wannan fitowa darasi ne da aka biya kuɗinsa da raguna biyu da buhunan masarar mahaifina, don haka ina roƙon a karanta shi a tsanake, ko da mutum ba ɗan sashenmu ba ne. Duk wanda ya shigo makarantar nan, da ya koma gida hutu sunansa Injiniya, ko da kuwa Akanta yake karanta. Ranar da za a sayi sola a gidanku kai za a tambaya, ke za a tambaya.

Gidanmu yana gefen gari, layin wuta bai iso mu ba. Da ɗan ƙaramin janareta muke lallaɓawa, daga magariba zuwa ƙarfe goma. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku, sai injin ya koma ƙarƙashin gado. Bayan kaka Baba ya sayar da abin da zai sayar, ya shiga birni a watan Disamba, ya dawo da mai haɗi da kaya guda huɗu: faifan sola ɗaya, batir ɗaya, kontirola, da inbata. Mai shagon ya ce masa wannan "sola ce mai 1.5kVA, za ta ɗauki gidan gaba ɗaya".

Makon farko lafiya lau. Daga nan inbata ta fara kuka wajen sha ɗayan dare. Da azumi ya kama a watan Maris na 2024, zafi ya sauka, aka kunna fankoki, sai kukan ya dawo daidai lokacin da ake fitowa daga asham. Kafin ƙarshen Agusta batirin ba ya riƙe ko ƙwan fitila uku na awa guda. Da na je hutu Baba ya zaunar da ni a zaure ya ce, "To Injiniya, ga aikinka. Cutar mu aka yi ko kuwa mu ne ba mu iya ba?" Wallahi a ranar ban da amsa. Sai da na yi SIWES wajen masu haɗa sola na gane cewa amsar tana cikin lissafin da bai fi shafi ɗaya ba, wanda babu wanda ya yi shi kafin a sayi kayan.

Abubuwa huɗu da aikin kowanne

Ku ɗauki misalin tarar ruwan sama. Rufin kwano yana tara ruwa, indararo yana kai shi randa, da dare a ɗiba a yi amfani. Faifai shi ne rufin, batir shi ne randar. Kontirola tana tsakaninsu tana hana randar ambaliya ko ƙafewa. Inbata kuwa tana sauya irin wutar da ke cikin batir zuwa irin wadda kayan gida suka sani.

1. Faifan sola

Abu na farko da ya kamata mu cire daga kanmu: faifai ba da zafin rana yake aiki ba, da haskenta yake aiki. Waɗannan ƙananan murabba'ai masu duhu da kuke gani a jikinsa, da silikon aka yi su, sinadarin da ake tacewa daga yashi. Kowane murabba'i hawa biyu ne. An sa wa hawa ɗaya ɗan fosforas don ya samu rarar ilektiron, an sa wa ɗayan ɗan boron don ya samu giɓinsu. Idan haske ya faɗo sai ya zaburar da ilektiron, mahaɗar hawa biyun ta tura su ɓangare guda, in akwai waya su bi ta. Wannan tafiyar tasu ita ce wutar.

Wani Bafaranshe, Edmond Becquerel, shi ya fara lura a 1839 cewa haske yana iya haifar da lantarki. Amma sai a 1954 masu bincike na Bell Labs a Amurka suka ƙera na silikon mai amfani, wanda yake mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken zuwa wuta. Na kasuwa a yau suna kaiwa wajen kashi 20.

Murabba'i ɗaya yana ba da kusan rabin bolt ne kawai. Shi ya sa ake jera su da yawa: guda 36 a jere suna ba da kimanin bolt 18, wanda ya isa ya cika batir mai bolt 12.

To ga inda ake yawan ruɗuwa. Lambar da aka rubuta a bayan faifai, misali 150W, an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faifan kuma yana kan zafin digiri 25. A kan rufin kwano a watan Afrilu, faifai yana iya kaiwa digiri 65. Duk ƙarin digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. Digiri 40 sau 0.4, kashi 16 ke nan sun tafi. Ka ƙara ƙurar hunturu, ka ƙara asarar waya da ta cajin batir. Shi ya sa masu aikin suke ɗauka cewa kashi 70 na abin da aka rubuta shi ne zai shiga hannunka.

Haka kuma rana tana fitowa awa goma sha biyu, amma hasken hantsi da na la'asar ba su kai na azahar ba. In aka tattara hasken yini guda a ƙasar Kano aka mayar da shi cikakken haske, yana kamawa tsakanin awa biyar zuwa shida. Da biyar ake lissafi, saboda watan Agusta da hadarinsa.

2. Kontirola

Ita ce mafi ƙanƙanta, ita aka fi rainawa, kuma ita ce mai gadin batir. Batir ba ya son a ɗura masa wuta yadda aka ga dama. Da farko a ba shi da ƙarfi, in ya kusa cika a sassauta, in ya cika a riƙe shi da ɗan kaɗan. Kontirola ce take wannan tsarin, kuma ita take hana wuta komawa faifai da dare.

Iri biyu ne a kasuwa. PWM ta fi araha, amma tana janyo bolt ɗin faifai ƙasa ya yi daidai da na batir, abin da ya yi rara ya tafi a banza. MPPT ta fi tsada, amma tana mayar da wannan rarar bolt ɗin ta zama ƙarin amfiya, don haka takan tatso ƙarin wuta daga faifai ɗaya. A yi hattara: akwai ƙananan kontirola marasa nauyi da aka rubuta wa MPPT a jiki alhali cikinsu PWM ne. Ta gaskiya tana da nauyi, kuma an rubuta iyakar bolt ɗin faifan da take karɓa, wanda yakan kai 100 ko fiye.

3. Batir

Nan kuɗin yake, nan kuma mutuwar take. A jikin namu an rubuta 12V 200Ah. In ka ninka su biyun za ka samu yawan wutar da yake ɗauka: 12 sau 200, wat-awa 2,400. Wat-awa ba wani abu ba ne illa wat ɗin na'ura sau awannin da ta yi a kunne. Ƙwan fitila mai wat 10 in ya yi awa biyar ya ci wat-awa 50.

Amma fa ba duka 2,400 ɗin ne naka ba. Batirin dalma, wato mai ruwa ko wanda ake ce wa busasshe, rabinsa kawai ake taɓawa in ana so ya yi kwana. Manomi ya san wannan: ba a cinye rumbu har da iri. In ana tatse shi ƙarƙaf kullum, ko kuma yana kwana yana wuni bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan dalmar da ke cikinsa, wurin ajiyar wutar ya yi ta raguwa har ya zama kamar randar da laka ta cike. In ya daskare sosai babu mai gyara shi, ko da an ce maka za a "wanke" shi a sa sabon ruwa.

Batirin litiyam, musamman wanda aka rubuta wa LiFePO4, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, kuma masu ƙera shi suna ba shi cika da sauka sau dubu uku ko fiye. Kuɗinsa na farko ya fi yawa, amma in ka raba da shekarun da zai yi, sau da yawa shi ne mai araha.

4. Inbata

Wutar faifai da ta batir hanya ɗaya take bi, ita ce DC. Wutar da talabijin da fankar sama da firji suka saba da ita kuwa AC ce, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, a kan bolt 230, kamar yadda layin wutar Najeriya yake. Inbata ce take wannan sauyin, kuma ba kyauta take yi ba: kashi 10 zuwa 15 na wutar yana zama zafi a jikinta. Ko babu abin da aka kunna, muddin tana kunne tana ɗan sha.

Yanzu mu koma kan maganar mai shago. Wannan 1.5kVA ɗin girman inbata ne kawai, wato yawan kayan da za ta iya ɗauka a lokaci guda. Ba ta faɗa maka yawan wutar da faifai zai tara ba, ba ta faɗa maka awa nawa batir zai yi ba. Kamar a ce maka famfon gidan nan babba ne, ba a gaya maka girman tankin ba. Duk wanda ya ce zai haɗa maka "sola mai kaza kVA" bai tambaye ka abin da za ka kunna da awa nawa ba, to inbata yake sayar maka.

Lissafin da ba mu yi ba

Ga kayan gidanmu yadda na rubuta su a bayan littafin firatikal:

Ƙwan fitila 6, kowanne wat 10, awa 5: wat-awa 300
Fanka 2, kowacce wat 50, awa 8: wat-awa 800
Talabijin da dikoda, wat 70, awa 4: wat-awa 280
Cajin waya 6, kowacce wat 10, awa 2: wat-awa 120
Jimla: wat-awa 1,500 a kullum.

Saboda kason inbata, sai a raba 1,500 da 0.85. Abin da zai fita daga batir ke nan: kimanin 1,765.

To nawa faifanmu yake kawowa? Wat 150 sau awa 5 sau 0.7, wat-awa 525. Ku dubi lambobin nan biyu da kyau. Ana zuba 525 da rana, ana neman 1,765 da dare. Giɓin 1,240 ne kullum. A watan Disamba ana sanyi, ba a kunna fanka, giɓin bai wuce 300 ba, shi ya sa cajin da batirin ya zo da shi daga shago ya kai mu mako guda muna murna. Daga ranar da wannan cajin ya ƙare, batirin bai sake cika ba ko sau ɗaya har ya mutu. Kukan da inbata take yi kuwa gargaɗi ne cewa batir ya kai ƙasa, mu kuma sai mu kashe ta mu sake kunnawa don a ƙarasa kallon labarai. Kullum muna kankare gindin rumbu.

Ga yadda ya kamata a yi. Daga kaya ake farawa, a koma baya.

Batir: 1,765 shi ne rabin da za a ci, don haka ana buƙatar ninkinsa, 3,530. Batir ɗaya 2,400 ne, bai isa ba. Guda biyu a jere suna ba da bolt 24, wat-awa 4,800, rabinsu 2,400. Ya isa, har da ɗan rara don ranar hadari.

Faifai: 1,765 a raba da awa 5, a sake rabawa da 0.7, ya kama wat 504. Faifai biyu masu wat 300 ke nan, jimla 600. Wato ninki huɗu na abin da aka ɗora mana.

Kontirola: wat 600 a raba da bolt 24, amfiya 25. A sayi mai 30, in da hali mai 40.

Inbata: in aka kunna komai lokaci guda wat 290 ne. Mai 1kVA ta isa har ta yi yawa. Kun ga abin da aka cika mana baki da shi, shi ne wanda muka fi ƙarancin buƙata.

Wani zai ce, to firji fa, da dutsen guga? Firji lokacin da injinsa zai tashi yana fizgar ninkin wutarsa sau da yawa na ɗan lokaci, don haka sai an duba inbata za ta iya jurewa, kuma yana aiki dare da rana, sai a sa shi cikin lissafi tun farko. Dutsen guga kuwa da hita da risho na lantarki, kowannensu wat 1,000 ne ko fiye. Gugar awa ɗaya ta cinye kashi biyu cikin uku na wutar gidanmu ta yini guda. A ƙaramar sola irin tamu, dutsen gawayi ya ci gaba da aikinsa.

Kulawa da tsaro

Rano tana wajen digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka faifai ya fuskanci kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15. Kada a kwantar da shi shimfiɗe, ƙura da ruwa za su zauna a kai. A bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. A kula da inuwa: tunda murabba'an a jere suke, reshen darbejiya ɗaya in ya rufe gefe, wutar faifan gaba ɗaya takan faɗi. Namu, eriyar talabijin ce take yi masa inuwa da hantsi, ba wanda ya lura.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa wanke shi duk mako da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana gilashin yana zafi ba.

Kada a raina bolt 12 ko 24. Kayan wat 1,000 a kan bolt 230 amfiya huɗu da ɗoriya suke ja, amma a ɓangaren batir mai bolt 12 sun haura amfiya 80. Siririyar waya a nan gobara ce. A sa waya mai kauri, gajeriya, da fis ko bireka kusa da batir. Wajen haɗawa, batir ake fara haɗawa da kontirola sannan faifai. Wajen kwancewa, faifai ake fara cirewa.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, mai kama wuta ce. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu. In ruwansa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba. Kada a haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa. In ya mutu kuma kada a bari yara su fasa shi. Mun san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga haƙar zinare ta fito, amma dalmar ita ce dai a cikin batir. A mayar wa masu sayen tsofaffin batura shi a rufe.

Abin da ya sa ya shafe mu

Sola ta riga ta zauna a Kano. A 2019 aka buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a farkon 2023 kuma aka buɗe ta megawat 10 a Challawa, ƙaramar hukumar Kumbotso. Da layin Shiroro zuwa Kaduna ya samu matsala a Oktoban 2024, jihohin Arewa suka yi kwanaki cikin duhu, mutane da yawa sun ruga sayen sola cikin gaggawa. Manyan tashoshin suna da injiniyoyi masu yi musu lissafi. Gidajen Zinyau da Kibiya da Rurum kuwa mu suke da su.

Da na koma gida na baje wa Baba takardar nan, na ce, "Baba, kayan ba jabu ba ne, amma an ba ku babban famfo da ƙaramin rufi. Mu ma mun taimaka, don duk dare sai mun tatse shi." Ya daɗe yana kallon lambobin, sannan ya ce, "Ashe tambaya ɗaya ce ban yi ba." Kuɗin batir biyu bai samu ba a wannan kakar, sai muka bi ta ɗaya hanyar, muka rage kaya. Muka sayi batir ɗaya da faifai biyu masu wat 200, muka sauya kontirola, muka canza fankokin zuwa masu DC da ba su wuce wat 20 ba, aka mayar da cajin waya da rana lokacin da faifai yake kan aiki. Abin da ake ci da dare ya sauko ƙasa da rabin batirin, kuma kafin la'asar ya cika. Inna ce take wanke faifan ma yanzu, ta hana kowa taɓawa.

Aikin gida ga mai so: kafin hutu mai zuwa, ka rubuta kayan wutar gidanku, ka duba wat ɗin kowanne a bayansa, ka ninka da awanni, ka bi matakan nan huɗu. In lissafin ya rikice maka, ka same mu a wokshop na lantarki, ka zo da takardarka.